Haɗarin helikwafta: tsakanin gajiyar ƙarfe da gajiyar bakanike

Ranar 25 ga Maris 2009, injiniyoyin kamfanin Bond a Aberdeen ta ƙasar Sikotland suka zare wani ɗan maganaɗisu daga jikin giyabos ɗin wani helikwafta ƙirar Super Puma, suka tarar da ɓurɓushin ƙarfe guda ɗaya manne da shi, tsawonsa bai kai milimita 3 ba. Har an fara shirin sauke giyabos ɗin a ɗora wani, sai aka shiga magana da kamfanin da ya ƙera jirgin ta waya da imel. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ɓurɓushin ba abin damuwa ba ne, ɓawon azurfa ne ko na wani ƙarfen da ake shafa wa kayan ciki. Jirgi ya koma bakin aiki, ya ƙara awa 36 a sama. Ranar 1 ga Afrilu, yana dawowa daga dandamalin haƙar mai na Miller a Tekun Arewa, wata giya ta fashe a cikin giyabos, babbar farfela ta rabu da gangar jikin jirgin. Mutum 16 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

To a wane layi za a saka wannan haɗari, na lalacewar inji ko na sakacin masu gyara? Giyar dai ta fashe da gaske, ba bakanike ne ya fasa ta ba. Amma ta ba da alama mako guda kafin ta fashe, an kuma ga alamar, fassararta ce aka kuskure. Shi ya sa rabon da aka saba yi a labarai, wai wannan laifin inji ne wancan kuma laifin mutum, ba ya gamsar da ni. Ba kasafai ƙarfe ke karyewa rana ɗaya ba. Tsakanin farkon tsaga da ranar karyewa akan samu makonni ko watanni, kuma a tsawon lokacin nan ƙarfen yana bi ta hannun mutane da yawa: wanda ya ɗaura, wanda ya duba aikin wanda ya ɗaura, wanda ya rubuta littafin gyara, da wanda ya zauna a ofishin hukuma ya sa hannu cewa ƙirar ta cancanci ɗaukar mutane.

Kada a ɗauka kuwa duk helikwaftan da ya faɗo inji ne ya ci amanarsa. Mafi yawan haɗurra daga yanayi ne da shawarar matuƙi: hazo, duhu, wayoyin lantarki, ƙarewar mai. Helikwaftan da ya kashe shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da wasu mutum takwas a Janairun 2020, hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ba ta sami wata lalacewa a injinsa ba. Matuƙin ne ya kutsa cikin gajimare har ya kasa bambance sama da ƙasa. Sai dai haɗarin da ya fito daga ƙarfe yana da wani hali nasa. Sau da yawa ba ya bar wa matuƙi abin yi komai ƙwarewarsa, kuma aibin da ya kayar da jirgi ɗaya yana iya kasancewa kwance a cikin ɗaruruwan 'yan uwansa da ke yawo a wasu ƙasashe.

Abin da fasinja ya fi tsoro shi ne inji ya mutu a sama, alhali wannan ma shi ne mai dama-dama. Idan inji ya tsaya, akwai abin da ke sakin farfela daga gare shi da kansa. Matuƙi sai ya kwantar da fikafikan farfelar, iskar da ke bugowa daga ƙasa yayin da jirgin ke gangarowa ita za ta ci gaba da juya ta, in an kusa ƙasa kuma ya yi amfani da saurin juyawar ya rage ƙarfin dira. Ba wanda ke samun lasisin tuƙa helikwafta bai koyi wannan ba. Manyan jiragen ma inji biyu gare su, ɗaya in ya mutu ɗaya ya riƙe.

Inda gizo ke saƙar shi ne sassan da ba su da na biyu. Jirgin sama na yau da kullum fikafikansa a kafe suke. Helikwafta kuwa fikafikansa juyawa suke, kuma duk abin da ke juya su guda ɗaya ne: giyabos ɗaya, sandar farfela ɗaya, farfelar wutsiya ɗaya, wadda in babu ita gangar jikin jirgin za ta riƙa juyawa ta saɓanin babbar farfela. A manyan Super Puma, inji yana turo juyi kimanin 23,000 a minti ɗaya, giyabos kuma ya rage shi zuwa wajen 265 kafin ya kai farfela. Ta saman wannan akwatin kuma nauyin jirgin da mutanen cikinsa yake rataye. Ba a iya ɗora giyabos biyu, nauyi ba zai bari ba. Don haka abin da ake dogara da shi abu biyu ne kawai: a ƙera shi yadda da wuya ya karye, in kuma ya fara lalacewa a gano da wuri.

Babban abokin gabar waɗannan sassa shi ne gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san abin: lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata komai, amma a yi ta kai ta gaba ana dawo da ita baya, sai ta tsinke. Fiffiken farfela yana lanƙwasa ya miƙe a kowane zagaye, haƙorin giya yana ɗaukar nauyi ya sauke a kowane juyi, sau miliyoyi. Tsagar takan faro daga wuri ɗan ƙanƙani, ramin tsatsa, ko ƙarzanen da sifana ta bari, ko wani datti da ya maƙale cikin ƙarfen tun a masana'anta. Daga nan ta riƙa ƙaruwa a ɓoye har abin da ya rage ya kasa ɗaukar kaya. Saboda haka ake ƙirga ran muhimman sassa da awoyin tashi. Kowane yana da lambarsa da katin tarihinsa, kuma in awoyinsa sun cika a cire shi ko da yana ƙyalli. Maganar da ake yawan yi cewa "ai tsohon jirgi ne" ba ta da nauyin da ake ba ta. Jirgi mai shekara talatin zai iya kasancewa da farfela da giyabos da ba su kai shekara biyu ba. Abin tambaya shi ne ko katunan nan gaskiya suke faɗa, shi ya sa jabun kayan gyara da na gwanjon da aka sabunta wa takarda suke da mugun haɗari a wannan sana'a.

Ko da katin ya faɗi gaskiya, ba komai yake iya faɗa ba. A Yulin 2002 wani Sikorsky S-76 na kamfanin Bristow ya faɗa Tekun Arewa da mutum 11 bayan fiffiken farfela ɗaya ya karye. Fiffiken yana da ɗan aibi tun daga masana'anta wanda shi kaɗai bai isa ya yi ɓarna ba. Tsawa ta faɗa masa a 1999 yana jikin wani jirgin, aka mayar da shi masana'anta, aka duba, aka ce lafiyarsa lau. Ashe wutar tsawar ta bi ta wurin aibin ta ƙona ƙarfen ciki, inda ido ba ya kaiwa. Kafin wannan, a Nuwamban 1986, wani Chinook mai manyan farfela biyu ya faɗo kusa da Sumburgh a tsibiran Shetland, mutum 45 cikin 47 suka mutu. Giyar da ta karye an yi mata kwaskwarima ne don a inganta ta, sai farfelun biyu suka saɓa lokaci suka sari juna.

Dabarar maganaɗisun da na ambata a farko mai sauƙi ce. Giya ko boris in sun fara ci, sukan zubar da ɓurɓushi, mai ya kwashe shi, maganaɗisun da aka dasa a hanyar man ya kama. Bakanike ya zare ya duba, ya auna girmansa, ya gane irin ƙarfen, littafi kuma ya gaya masa abin yi. Hukumar binciken Birtaniya, AAIB, ta gano cewa a jirgin Bond an yi rashin fahimtar juna: abin da injiniyoyin kamfanin ke bayani daban, abin da na masana'anta suka ɗauka ana nufi daban, har aikin duban da ya dace da irin wannan ɓurɓushi bai samu ba. Ba a ce sun yi watsi da abin ba. Sun yi ta zare maganaɗisun suna dubawa a kwanakin da suka biyo baya, ba su ƙara ganin komai ba. Akwai kuma dalilin da zai iya hana su gani. Masana'anta ta sa wani zoben maganaɗisai a cikin giyabos don ya tare ɓurɓushin sama kada ya gangara ya ɓata giyoyin ƙasa, sai ya zama zoben yana rage yiwuwar ɓurɓushin ya isa ga na'urar da aka sa don ta gan shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan haɗarin aka ba da umarnin cire zoben.

Haɗarin da na fi ganin ya tattara komai wuri ɗaya shi ne wanda ya faru ƙasa da mako uku kafin na Bond, a can gabashin Kanada. Ranar 12 ga Maris 2009, wani Sikorsky S-92 na kamfanin Cougar ya tashi daga St. John's da mutum 18 zuwa wuraren haƙar mai a teku. A jikin giyabos ɗinsa akwai kwanon da filtar mai ke zaune a ciki, ƙusoshi uku masu zare suke riƙe da shi, na ƙarfen taitaniyam. Taitaniyam ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi, amma zarensa yana saurin cin juna da noti in ana yawan kwancewa da ɗaurawa, filtar kuwa ana canza ta fiye da yadda aka tsara tun farko. Biyu daga cikin ƙusoshin suka karye a sama, man giyabos ya tsiyaye.

Abin ba sabo ba ne. A Yulin 2008 irinsa ya faru da wani S-92 kusa da Broome a Ostireliya, sai dai shi yana kusa da tudu ya samu ya sauka lafiya. Sikorsky, masana'antar da ta ƙera jirgin, ta ƙara tsaurara yadda za a riƙa duba ƙusoshin a duk canjin filta, sannan a Janairun 2009 ta fitar da sanarwa cewa a maye gurbinsu da na baƙin ƙarfe cikin shekara ɗaya ko awa 1,250 na tashi. Hukumar binciken Kanada, TSB, ta ce Cougar ba ta aiwatar da sabon tsarin duban yadda ya kamata ba, shi ya sa ba a ga lalacewar zaren ba. Wannan laifin gyara ne, babu kwana-kwana. Amma wa'adin ma abin dubawa ne. Na san ba don wasa ake ba da wa'adi ba: sai an ƙera kayan, an rarraba su ƙasashe, kuma ba a tsayar da jirage duka a kan abin da ake ganin duba zai iya tarewa. Duk da haka, in ka ce wa mai tsara aikin gareji yana da shekara guda, abin da kunnensa zai ji shi ne babu gaggawa. Bayan mutane sun mutu, aikin da aka ba shekara aka ce a yi shi kafin jirgi ya sake tashi.

Sai maganar minti 30. Tun ƙarshen shekarun 1980 dokar Amurka ta ce dole giyabos ɗin babban helikwafta ya iya ci gaba da aiki minti 30 bayan mai ya tsiyaye, amma an bar wata ƙofa: sai fa in an nuna cewa tsiyayewar abu ce mai matuƙar wuyar faruwa. Da aka gwada giyabos ɗin S-92 babu mai a 2002, wajen minti 11 ya yi ya lalace. Ta waccan ƙofar aka bi aka ba shi takardar shaida, bisa hujjar cewa ta wajen na'urar sanyaya mai ne kaɗai ake tsammanin yoyo, an kuma yi wa wannan magani. Ba wanda ya kawo kwanon filta a lissafi. Wasu matuƙan S-92 kuma sun ci gaba da ɗauka cewa suna da rabin awa a hannu.

A cikin jirgin Cougar, agogon matsin mai ya faɗi ƙasa, amma na zafin mai bai hau ba. Kyaftin ya karkata ga cewa famfo ne ko na'urar awon ce ta samu matsala, ai da mai ya ƙare da zafi ya tashi. Abin da ba a fayyace musu ba shi ne na'urar awon zafin sai tana jiƙe cikin mai take faɗar gaskiya, in mai ya tafi iska kawai take aunawa. Takardar matakan gaggawa ta ce a sauka nan take, mataimakinsa ma ya ambata hakan. Amma saukar da jirgi a kan Atlantika a watan Maris, cikin sanyi da igiyar ruwa, ba shawara ce da mutum ke yankewa da sauƙi ba, balle yana zaton na'ura ce ke masa ƙarya. Suka sauko zuwa ƙafa 800 suka nufi tudu. Minti 11 bayan matsin mai ya faɗi, haƙoran giyar da ke tura farfelar wutsiya suka cinye. Mutum ɗaya ne ya fito da rai. Minti 11 ɗin nan, daidai da na gwajin 2002, yana rubuce a takarda kusan shekara bakwai kafin ranar.

A 2012 aka ga ɗaya fuskar. Super Puma biyu ƙirar EC225, ɗaya a Mayu ɗaya a Oktoba, sandar da ke tura famfunan mai ta tsage musu a Tekun Arewa. Matuƙan suka kunna tsarin shafa mai na gaggawa, fitila ta ce shi ma ya gaza, suka bi takarda suka sauka a kan ruwa. Mutum 14 a na farko, 19 a na biyu, duk aka kwashe su da rai. Daga baya bincike ya nuna tsarin gaggawar yana aiki, fitilar ce ta yi ƙarya saboda saɓani tsakanin wayoyin jirgin da maɓallan awo. Wani zai ce an yi asarar jirage a banza. Ni dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma haɗarin da babu wata ƙira mai sarƙaƙiya a cikinsa, hannu ne kawai ya kuskure. Ranar 7 ga Disamba 2011, wani ƙaramin helikwafta AS350 na kamfanin Sundance ya ɗauki 'yan yawon buɗe ido huɗu daga Las Vegas da yamma don su ga madatsar ruwa ta Hoover. Kwana ɗaya kafin nan an yi masa sabis na awa 100, an kuma canza ɗaya daga cikin na'urorin haidirolik da ke karkata babbar farfela. Sandar da ke kawo umarnin matuƙi tana haɗe da wannan na'ura ne da ƙusa ɗaya mai zare, kuma ƙa'ida ta ce a kulle ta da makulli biyu. Na farko noti ne mai kama zare da kansa, wanda in ya tsufa yakan saki, ana kuma gane hakan in ya juyu da yatsu ba tare da turjiya ba. Na biyu ɗan siririn ƙarfe ne mai ƙafa biyu, a soka shi ta ramin ƙusar, a lanƙwasa ƙafafun don kada notin ya motsa. NTSB ta ce an sake amfani da notin da ya riga ya saki, ɗan ƙarfen kuma ko dai ba a sa shi ba ko an sa ba daidai ba. Girgiza ta yi ta warware notin a 'yan awoyin da jirgin ya yi a sama, ƙusar ta zame, sandar ta rabu. Matuƙi na motsa sitiyari, farfela ba ta ji. Su biyar duka suka mutu.

Sauƙi ne a tsaya a nan a ce bakanike ya yi sakaci. Hukumar ba ta tsaya ba. Ta gano cewa shi da sufeton da ya duba aikinsa duk ranar hutunsu ce aka kira su, suka shigo da sassafe, sa'o'i kafin lokacin da jikinsu ya saba, sufeton kuma ya yi dubansa ne a ƙarshen aikin awa 12. Takardar aikin ba ta rarraba matakan ɗaya bayan ɗaya yadda za a sa hannu a kan kowanne ba, kuma sake amfani da notocin da ba su cika sharaɗi ba abu ne da aka saba a kamfanin. Abin mamaki, matuƙi doka ta ƙayyade masa awoyin aiki da na hutu dalla-dalla, amma wanda ke ɗaura ƙusar da ran matuƙin ke rataye a kai, a wurare da yawa ba shi da irin wannan kariya. Aikin gyara kuwa galibi na dare ne, domin da rana jirgi nema yake. Duban mutum na biyu ma yana da nasa rauni: wanda ya duba haɗi ɗari ya same su daidai, idonsa yakan ga abin da yake tsammani a na ɗari da ɗaya.

Ba na son in mayar da komai maganar kuɗi, amma ba a raba ta da wannan. Helikwaftan da ke tsaye a gareji ba ya kawo ko sisi, ga kwangila tana jira, ga kuɗin haya da inshora suna tafiya. Ba sai manaja ya ce "ku rufe ido" ba. Ya isa ya riƙa leƙowa yana tambayar "yaushe zai fito?" A garejin da mai cewa "ban yarda da wannan ɓurɓushin ba" yake zama mai kawo cikas, ko wanda ya ce "ina jin na manta ban sa makulli ba" yake fuskantar kora, a hankali kowa zai koyi yin shiru. Kamfanonin da suka fahimci wannan sukan raba kuskure da ganganci, su hukunta na biyu, su saurari na farko.

Duk da haka zai zama rashin adalci a bar mai karatu da tunanin cewa in bakanike ya yi aikinsa shike nan. Ranar 27 ga Oktoba 2018, helikwafta AW169 na mai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City, Vichai Srivaddhanaprabha, ya tashi daga tsakiyar filin wasa, ya kai wajen ƙafa 430, sai ya kama juyawa ba tsayawa ya faɗo. Mutum biyar suka mutu. Wani boris a farfelar wutsiya ne ya ci har ya kafe, sandar da bai kamata ta juya ba ta juya, ta kwance notin da ke ɗaya bakinta, fedojin matuƙi suka rabu da farfelar. Rahoton AAIB na 2023 ya ce an yi wa jirgin duk gyaran da littafi ya ce. Awoyinsa kimanin 330 ne, duban boris ɗin kuma sai a awa 400. Wato boris ɗin ya mutu kafin ranar da aka sa za a fara tambayar lafiyarsa. Gibin yana can baya, a yadda aka ƙiyasta nauyin da zai ɗauka, da kuma rashin dokar da ke tilasta a riƙa buɗe irin waɗannan sassa bayan an cire su don a ga ko suna tsufa yadda aka zata.

Na Turøy a Norway ya fi ɗaga hankali, domin maimaici ne. Ranar 29 ga Afrilu 2016, EC225 na kamfanin CHC yana dawowa daga dandamalin Gullfaks B zuwa Bergen da mutum 13, babbar farfela ta cire ba tare da wani gargaɗi ba. Waɗanda ke ƙasa sun ɗauki bidiyonta tana juyawa ita kaɗai a sama bayan jirgin ya riga ya faɗi. Giyar da ta fashe irin ta jirgin Bond ce, ɗaya daga cikin takwas da ke zagaye a mataki na biyu na rage gudu. Shekara bakwai an cire zoben maganaɗisai, an tsaurara duba, amma wannan karon tsagar ta yi tafiyarta ne ta ƙarƙashin fatar ƙarfen, ba ta zubar da ɓurɓushin da na'ura za ta kama ba. Hukumar binciken Norway, a rahotonta na 2018, ba ta ɗora wa masu gyaran kamfanin laifi ba. Ta nuna cewa dukan tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa giya za ta yi ɓurɓushi kafin ta fashe, ta kuma nemi a sake duba ƙirar giyabos ɗin. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, EASA, ta dakatar da jiragen a Yuni ta sake su a Oktoba, bayan an janye ɗaya daga cikin nau'i biyu na giyar an kuma rage awoyin ɗayan. Birtaniya da Norway ba su janye nasu haramcin ba sai a Yulin 2017, kuma ko bayan nan ma'aikatan mai da yawa sun ce ba za su sake hawa ba.

Maganin da aka fi sa wa rai shi ne na'urar sauraren girgiza da ake kira HUMS, wadda aka fara ɗora wa jiragen Tekun Arewa a farkon shekarun 1990. Ƙananan na'urori ne ake mannawa a giyabos da sanduna, suna naɗar yadda kowane sashe ke karkarwa, in an sauka a juye bayanan a kwamfuta a ga wanda ya sauya hali. Ta ceci jirage, ba shakka. Amma ita ma ƙarshenta idon mutum ne a gaban allo. A Disamban 2016, wata takwas bayan Turøy, wani S-92 yana sauka a dandamalin West Franklin ya ƙwace wa matuƙansa ya juya a kan dandamalin har ya kakkarce shi, Allah Ya sa ba wanda ya ji rauni. Boris ɗin farfelar wutsiya ne ya lalace. HUMS ta naɗi girgizar da ta wuce iyaka tun kwana ɗaya kafin nan, an kuma juye bayanan da dare an duba, amma yadda manhajar ke nuna zanen ya sa ba a lura an ƙetare layin ba. Tsakanin alamar farko da lalacewar boris ɗin awa huɗu da rabi ne kacal na tashi, wato duba ɗaya tak aka samu damar yi. A Janairun 2017 Sikorsky ta ce a binciki wannan boris a kowane S-92 kafin ya sake tashi, kuma da yake a lokacin Super Puma na tsaye, kusan duk nauyin jigilar ma'aikatan mai a Tekun Arewa yana kan S-92 ne, sai da zirga-zirgar ta tsaya cik har aka gama dubawa.